Injin da Bai Shiga Ba, Ba Ya Fita

A Nguru ana ce mini Sale Mai Inji, ko da yake yau shekara uku ke nan babu inji a ƙofar gidana. Mutane ba su canza sunan ba. Wasu sabo ne, wasu kuma da gangan suke yi, na san su ɗaya bayan ɗaya.

Injin na sussukar gero ne, mai taya biyu. Gangar jikinsa a nan Nguru aka yi waldarta, kansa kuma tsohon hannu ne mai shan gas, irin wanda sai ka san halinsa yake tashi. Ni da yayana Ado muka haɗu muka saya. Da Allah ya yi masa rasuwa, ya bar matarsa Yaya Hajjo da 'ya'ya biyar, malamai suka zauna rabon gado suka ce kada a sayar da injin. In ci gaba da aiki da shi, rabin abin da ya kawo na gidan Ado ne. Wato abin da na ɗauka na tsallaka da shi ƙasar wasu, rabinsa na marayu ne. Wannan shi ne labarin gaba ɗaya, sauran duk hanya ce.

Abin da ya kore ni daga gida, injuna ne suka yi yawa. Daga nan har Gashuwa, duk wanda ya sayar da sa biyu sai ya sayi inji ya zauna kusa da kai. Ka je ƙauye ka tarar da mutum uku sun riga ka, kowa yana karya farashi. A kasuwar Kumagannam na haɗu da Ba Modu, wani Bamange mai akori-kura da ke bin hanyar rairayi zuwa ƙauyukan Nijar. Shi ya ce mini can har yanzu mata da taɓarya suke sussuka, gero jibge a masussuka babu mai taɓa shi.

Muna ɗaure injin a bayan motarsa na ce, "Ba Modu, takarda fa?"

"Takardar me?"

"Ta tsallaka boda da inji."

Ya yi dariya har ya saki igiyar. "Malam Sale, gonar kawuna rabinta tana nan, rabinta tana can. Sansa a Nijeriya yake karyawa, a Nijar yake hutun rana. Ka taɓa ganin sa da takarda?"

Ban taɓa gani ba. Kuma ni ma haka na tashi na gani. Kanwa da dabino da raƙuma su gangaro, atamfa da masara da kayan gwangwani su hau. Kakana daga Haɗeja ya biyo kanwa har ya zauna a Nguru, babu wanda ya taɓa tambayarsa daga wace ƙasa ya fito. Na yi makaranta zuwa aji biyu na sakandare, na san akwai layi a taswira. Amma layin taswira daban, hanyar kasuwa daban. Haka na ɗauka.

Bayan mun yi tafiyar kamar awa uku cikin tuddai, na tambaye shi sai yaushe za mu kai boda. Ya ce mun wuce ta tun wajen wata aduwa mai reshe karyayye. Na waiga ban ga komai ba sai rairayi da awaki.

Ƙauyen farko da ya sauke ni yana bakin wani kwari mai dabino. Ranar da na tayar da injin, tsofaffi suka ja da baya suna toshe kunne, wani dattijo ya ce da bulama, wato mai garinsu, wannan abu zai cinye albarkar geron. Kafin la'asar geron dattijon nan na cikin layi. Matan garin kuwa kamar su goya ni. Wadda ta saba kwana goma tana kirɓa dami da taɓarya, ta ga an gama mata kafin ta dawo daga rijiya. Kullum sai na tarar da ƙwarya biyu ko uku a gindin tayar injin, wannan nono, wannan dabino, ban san wadda ta ajiye ba. Barbarcin da na tsinta a kasuwar Nguru ba ya aiki sosai a can. In na buɗe baki sai su kwashe da dariya, su kira wasu su zo su ji in sake faɗa. Na bar su. Mai dariya ba ya hana ka aiki.

Da gero ake biyana. In na gama da gari, sai su ɗaura wa injin shanu su ja shi zuwa gari na gaba, can ma su karɓa su miƙa ni gaba. Haka na riƙa tafiya, kullum ƙara nisa nake yi da inda na shigo, ban lura ba. Ƙaiƙayi ya shiga idona, ya shiga ƙirjina, har yau in sanyi ya zo sai na yi tari irin na wancan lokacin. Fatar wuyana ta yi kamar ta guza. Ruwansu kanwa-kanwa, wata guda cikina bai zauna ba.

A wani gari bel ɗin injin ya tsinke. Na ba wani mai raƙumi saƙo ya sayo mini a kasuwa, na auna masa da igiya na ba shi igiyar. Kwana tara ina zaune ina kallon injin, mutanen gari suna kallona. Ya dawo da bel ɗin injin niƙa, gajere da kusan taki guda. Na ce ina igiyar da na ba ka? Ya ce ai ya ɗaure buhu da ita a hanya. Na zauna na ɗinke tsohon bel ɗin da ɗanyar fatar sa, na shanya shi kwana biyu. Ya yi mini aiki har ƙarshen kaka.

Abin da ya fi damuna a watannin nan ba aikin ba ne. Kifi ne. Mutumin da ya tashi a bakin ruwan Nguru, a ce ya yi wata huɗu bai ga ƙaya a miya ba. Ina kwance a rumfar bulama da rana sai in ji ƙamshin banda kamar ana jera kwalaye a tasha, in tashi zaune, babu komai sai kashin awaki.

Wajen ƙarshen sanyi aiki ya ƙare. Na aika wa Ba Modu ya zo ya ɗauke ni. Amsar da ta dawo ita ce an hana mota bin hanyar rairayi saboda halin tsaro, sojoji suna sintiri, abin da suka kama a daji ba ya dawowa. Shi kansa ya jingine motarsa ya koma kiwo. Na nemi masu shanu su ja ni kudu, kowa ya ce shanunsa ba su da lafiya. Bulaman garin da nake ya ce, "Ka bi kwalta ka fita ta ƙofa kamar mutumin kirki. Me ka sata?"

Ban saci komai ba. Ya kira limaminsa ya rubuta mini takarda da ajami, cewa inji na Sale ne mutumin Nguru, ya yi aiki a ƙasarmu lafiya, bai cuci kowa ba. Ya buga hatiminsa. Na naɗe ta cikin leda na sa a aljihun ƙirji, ina jin kamar na riƙe fasfo. Geron da na tara na sayar da shi a can, don an ce hatsi ba ya fita ƙasar a lokacin. 'Yan kasuwar sun san dole ce ta sa ni, suka saya yadda suka ga dama.

Ba zan faɗi sunan ƙofar da na je ba. Wanda ya san ta ya san ta. Gari ne ƙarami da ya rayu da boda: masu canji, masu faci, masu abinci, masu ɗaukar kaya a ka. Manyan motoci jere a gefen hanya, wasu tayoyinsu sun sace tun da daɗewa, direbobi sun shanya wanki a jikin madubi. Daga sandar da ke tare hanya kana hango tutar Nijeriya da ƙarfen sabis ɗin waya. Da ƙafa ba za ka yi minti ashirin ba.

Babban jami'in duwan na wurin, wato kwastan ɗinsu, Shef suke ce masa. Dogo ne siriri mai furfura a gemu, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya zagaya injin sau ɗaya ya ce, "Lasefase."

Na ce ban gane ba.

"Takardar da aka ba ka ranar da injin ya shigo."

Na zaro takardar bulama na miƙa masa da hannu biyu. Ya karanta ta har ƙarshe, don ya iya ajami. Ya ninke ta yadda take ya mayar mini.

"Bulama ya ce kai mutumin kirki ne. Na yarda. Ta ina ka shigo?"

"Ta wajen Kumagannam, ranka ya daɗe."

"Wa ya rubuta ka?"

"Babu kowa a wurin. Aduwa ce kawai."

Yaransa suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Malam, a littafina injin nan bai shigo Nijar ba. Abin da bai shiga ba, ba ya fita. In na ɗaga maka sandar nan, me zan rubuta? Cewa na fitar da abin da babu shi?"

Na ce ai ga shi nan yana gani. Na ce ya taɓa shi. Na ɗaga murya, Allah ya sani na ɗaga. Ya bari na gama, sannan ya ce doka ta ba shi ikon ya kama injin a yau, amma ba zai kama ba, don ya ga rashin sani ne. In ja abina in koma cikin gari. In ina son gyara, in je babban ofishinsu na birni in faɗi gaskiya, a ci ni tara, a yi mini takarda. Zai ɗauki lokaci, amma hanyar ke nan.

Masu ɗaukar kaya suka taya ni tura injin zuwa bayan rumfar wata mai abinci. Ya Falmata sunanta, tsohuwa ce gajera mai zane a fuska, tana sayar da shinkafa da wake ga direbobi. Ta dube ni ta dubi injin ta ce, "Wani kuma. Zauna ka ci, ba a yin shawara da yunwa." Ta ce in kwana a zaurenta, akwai tabarma. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta tambaye ni ko ɗan waye ba.

A rumfarta wani da ake ce wa Sakatare ya same ni. Ban san sunansa na yanka ba har yau. Mutum ne mai farin tabarau da jakar fata cike da takardu, yana magana yana haɗawa da Faransanci. Ya ce birni? Wata shida zan yi ina hawa bene ina sauka, kuma tarar da za a ci ni ta fi injin. Shi yana da mutum a wata ƙofar can yamma da zai fitar mini da lasefase mai kwanan watan baya, kamar ta can na shigo. Kwana uku.

Da ya tafi Ya Falmata ta ce, "Ɗan Nguru, kar ka ba wannan ko sisi."

"Ya, to ya zan yi?"

"Abin da Shef ya ce."

"Wata shida? Akwai marayu suna jirana."

"Marayun sun fi son wata shida da inji, ko kwana uku babu?"

Na ji ta, amma ban saurara ba. A inda na fito, kowace takarda tana da mai yin ta. Lasisi, katin haihuwa, takardar fili, ka san mutum, ka ba shi, ya kawo, kuma ta yi aiki. Ban taɓa ganin takardar da aka bi layi aka samu ba. Na ɗauka Shef ma abin da yake nufi ke nan, yana dai jin nauyin faɗa ne. Na ba Sakatare kaso mai tsoka daga kuɗin geron. Rana ta huɗu ya kawo takarda mai hatimi biyu, shuɗi da ja, kyakkyawa ƙwarai. Na nuna wa Ya Falmata. Ta ce ita ba ta karatu, ta ci gaba da tsince wake.

Shef ya riƙe takardar bai fi minti ɗaya ba. Ya ce, "Ranar Litinin ka ce mini ta wajen aduwa ka shigo. Yau Juma'a ka shigo ta ƙofa, wata biyar da suka wuce. Wanne zan ɗauka?"

Ya nuna mini ƙasan takardar da yatsa.

"Mutumin da ya sa hannu a nan ya bar aiki tun kafin ka sayi injin nan. Ni na gaje shi a can." Ya cire tabaransa ya goge. "Ranar Litinin kai jahili ne, na tausaya maka. Yau kai maƙaryaci ne. Me ya sa ka yi mini haka?"

Wannan tambayar ta fi mari zafi, don babu faɗa a cikinta. Suka tura injin cikin shingen kayan kamu, tsakanin wata tankar mai da ta yi tsatsa da tarin babura. Ni kuma na kwana biyu a ɗakin jandarmomi, 'yan sandansu. Ya Falmata ce ta tara dattawan tasha suka je suka roƙa aka sake ni. Sakatare kuwa an ce ya tafi ta'aziyya wani gari. Har na bar wurin bai gama ta'aziyyar ba.

Daga nan sai zama. Aka ce kayan kamu sai ranar gwanjo, ranar gwanjo kuma sai an aiko daga birni. Yaushe? Allah masani. Ni an ce ina iya tafiya gida, babu mai riƙe ni. Sanda ga ta nan, da ƙafa minti ashirin. Amma in je in ce wa Yaya Hajjo me?

Akwai wani tudu bayan gari, in ka hau kansa wayar Nijeriya tana kamawa. Duk yamma za ka ga direbobi a kai, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana yi wa gida ƙarya. Ni ma na shiga sahu. "Aiki ne ya yi yawa. Gero ne kamar ba zai ƙare ba." Mai ɗakina ta ce, "Sussuka har bazara? Wane irin gero ne a Nijar ɗin?" Na ce sabis yana yankewa.

Na koma gyaran injunan niƙa da famfunan ban ruwa a garin don in ci abinci. Kowace safiya in je bakin shinge in leƙa. Da zafi ya tsananta tayar hagu ta fashe da kanta. Da hadari ya fara haɗuwa na sayi tamfol na je na roƙi Shef ya bar ni in rufe injin. Ya ce da mai gadi ya buɗe mini. Daga ranar, duk Juma'a ana barina in shiga in juya injin da hannu, in ɗiga masa mai don kada ya cije. Ba mu taɓa yin wata magana da Shef ba bayan gaisuwa. Na so in tsane shi, na kasa samun inda zan kama.

Wata biyar na yi a zauren tsohuwar nan. Ranar da aka liƙa sanarwar gwanjo, na je na tambaya, aka ce wanda aka kama wa kaya ba ya taya kayansa, kuma mai taya sai yana da katin ɗan ƙasa. Na dawo rumfa na zauna, ko abincin ban iya taɓawa ba.

Ya Falmata ta ce, "Kuɗin da ya rage maka, kawo shi nan. Ni zan taya."

"Ya, in wani ya fi ki fa? 'Yan kasuwa za su zo daga birni."

"Za su zo. Kai dai ka yi abin da ake yi."

"Me ake yi?"

Ta ce a garin nan kowa ya taɓa rasa kaya a bayan shingen nan, ko shi ko ubansa. Don haka suna da al'ada. Ranar gwanjo mai kaya yakan je ya tsaya kusa da kayansa, ya dafa shi da hannu, ya cire hularsa ya riƙe. Ba ya magana. Duk ɗan gari da ya ga haka ba ya taya wannan kayan, a bar wanda mai kayan ya wakilta ya ɗauka a farashin farko.

Na ce, "In cire hula a gaban jama'a? Da furfurata?"

"To bar ta a kanka. Ka koma Nguru da hula."

Ranar gwanjo rana ta buɗe sosai. Aka fara da babura, aka zo kan buhunan taki, sannan aka zo kaina. Na taka na je na dafa murfin injin, ƙarfen ya yi zafi kamar tanda, ban ɗauke hannun ba. Na cire hular. Tun ranar da aka yi mini askin angonci ban tsaya a taro kai sake ba. Gumi yana gangaro mini ta kan sanƙo, ina kallon ƙasa, ina jin idon mutane a kaina.

Mai shela ya faɗi farashin farko. Ya Falmata ta ɗaga hannu. Wuri ya yi tsit. Mai faci, mai canji, mai injin niƙan da na san ya daɗe yana sha'awar injin nan, duk suka sunkuyar da kai. Sai wani Alhaji baƙo mai babbar riga ruwan toka, daga can baya, ya ƙara.

Tsohuwar nan ta juya gaba ɗaya, ta kama ƙugu. "Alhaji, daga ina?"

Ya faɗi garinsu.

"A garinku ana taya kayan mutum yana dafe da shi? Ba ka ga kansa ba? Ko sai ya cire rigar ma?"

Ya ce shi kasuwa ya zo, gwamnati ce ke sayarwa.

"Gwamnati ce ke sayarwa, mu ne ke lodi. Ka saya, mu ga wanda zai ɗora maka shi a mota a garin nan. Mu ga wanda zai sayar maka da ruwan sha."

Wani daga cikin masu ɗaukar kaya ya ce, "Bayana ma ciwo yake yau." Wani ya ce nasa ma. Aka yi dariya. Shef yana zaune a kan kujera yana duba wasu takardu kamar ba a wurin yake ba. Ya Falmata ta ƙara ɗan kaɗan a kan na Alhajin. Mai shela ya kira sau uku. Alhajin ya kaɗe rigarsa ya koma wajen tankar mai.

Ban yi kuka ba. Na mayar da hulata, na ga tafin hannuna ya tashi.

Aka ba da takarda ta gaskiya, mai hatimi ɗaya tak. Washegari na karɓe ta na taka zuwa ɓangarenmu, wajen kwastan, ina ganin wahala ta ƙare. Jami'in da na samu matashi ne, yana cin gyaɗa. Ya duba ya ce, "Baba, wannan takardar ta ce inji na Nijar ne, mallakar wata Falmata. Kai wane ne a ciki?"

Na ce nawa ne, a Nguru aka yi waldarsa, in ya zo zan nuna masa hannun mai waldar.

"Walda ba takarda ba ce. Ina shaidar ya fita daga Nijeriya?"

Babu.

"To kaya ne daga waje. Kuma yanzu ba a shigo da irin wannan ta nan. In an buɗe, mai shi ta zo da kanta, a kimanta, ta biya kamar kowa." Ya miƙo mini gyaɗar. Na karɓa, don ban san me zan yi da hannuna ba.

Na koma na gaya wa Ya Falmata. Ta ce, "To ya zauna. Bayan gidana akwai wuri. Gero dai ba zai daina nuna ba a ƙasar nan. Duk kaka ka zo ka yi aikinka ka tafi da abinka." Na ɗora injin a kan duwatsu, na cire tayoyin na sa a ɗaki, na rufe shi da tamfol na ɗaure. Na tsallaka da jakata a kafaɗa. Babu wanda ya ce mini ko tsaya.

Daga tasha ban je gidana ba, gidan Ado na wuce. Na tarar da Yaya Hajjo tana tankaɗe a tsakar gida. Muka gaisa, ta leƙa bayana kamar injin zai biyo ni ta zaure. Na zauna a kan turmi na faɗa mata komai, har da Sakatare, har da hular. Ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Yanzu a takarda na wa ne?"

"Na Ya Falmata."

"Tsakaninka da ita akwai rubutu?"

"Babu, Yaya. Matar da ta yi mini wannan, in ce ta rubuta mini?"

"Shaidu fa?"

"Duk garin."

"Garinsu," in ji ta. Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Allah ya ba ta tsawon rai." Ba ta ƙara komai ba, kuma har yau ba ta sake tayar da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kaka biyu ke nan ina zuwa. Yanzu ta ƙofa nake shiga, da katina, a rubuta ni a littafi, in fita a rubuta ni. Shef an canza masa wurin aiki, wanda ya zo bai san ni ba. In na gama aiki in dawo in kai wa gidan Ado rabonsu, ba ya kai na da, amma yana zuwa. Ya Falmata ko ƙwayar gero ba ta taɓa karɓa ba. In na matsa, sai ta ce in kawo mata bandar Nguru. Ina kai mata kwali guda.

Tsakanin kaka da kaka kuwa, duk Juma'a sai na kira ta. Ta ci abinci? Ƙafar ta sauka? Ta sha maganin? Mai ɗakina ta ce ko uwarta ban taɓa tambayar lafiyarta haka ba. Gaskiya ta faɗa.

Juma'ar da ta wuce na kira, ba ita ta ɗauka ba. Babban ɗanta ne, wanda ya dawo daga birni kwanan nan, ban taɓa ganinsa ba. Ya ce tana kwance, tari ne ya matsa mata, amma da sauƙi. Muka yi addu'a. Har zan kashe sai ya ce, "Af, Malam Sale, dama ina son in tambaye ka, tunda kai ka san harkar. Injin nan na tsohuwarmu da ke bayan gida, irinsa yanzu yana tsada a wajenku?"